Opera a Sahel: inda goge da kalangu ke haɗuwa da kiɗan zamani

Opera wasan kwaikwayo ne da ake rerawa cikin waƙa, makaɗa suna raka muryoyin ƴan wasa tun daga farkon labari har ƙarshensa. A Turai ta samo asali, amma tun shekarun 1960 masu tsara kiɗa na Afirka ta Yamma suke gwada gina irinta da harsunansu da kayan kiɗan iyaye da kakanni. Gwaji mafi girma da aka yi a yankin Sahel shi ne Bintou Wéré, wadda aka fara nunawa a Bamako a 2007. Nijar ba ta da gidan opera irin na Turai. Abin da take da shi shi ne makaɗan gargajiya, a fadodi da kasuwanni da ƙauyuka irin na Adar, kuma duk wani haɗi na tsohon kiɗa da sabo a kansu ya dogara.

Asalin opera

Kalmar opera ta Italiyanci ce, ma'anarta aiki. Wajen shekarar 1600 wasu masana da makaɗa a birnin Florence na Italiya suka fara neman hanyar rera wasan kwaikwayo gaba ɗayansa, bisa zaton haka mutanen Girka na dā suke yi. Daga cikin ayyukan farko, wanda har yau ake yawan nunawa shi ne L'Orfeo na Claudio Monteverdi, da aka yi a fadar Mantua a 1607. Da farko nishaɗin sarakuna ne. A 1637 aka buɗe gidan opera na farko a Venice wanda kowa ke iya shiga in ya biya kuɗin ƙofa.

Ginshiƙan opera huɗu ne: rubutaccen labari cikin baitoci, kiɗan da mutum ɗaya ya tsara ya rubuta a takarda, mawaƙa masu ɗaukar matsayin mutanen labarin tare da taron masu amshi, sai rukunin makaɗa da madugu ke jagoranta da sanda a hannu. A nahiyar Afirka, an gina gidan opera a Alƙahira ta ƙasar Masar a 1869, aka kuma fara nuna Aida ta Giuseppe Verdi a can a watan Disamba na 1871. Labarin Aida na Masar da Habasha ne, amma kiɗan da harshen duk na Italiya ne.

Abin da ake kira opera ta gwaji a yau shi ne aikin da ya kauce wa waɗancan dokoki. Wani ya cire madugu, wani ya sa na'urorin lantarki da majigi, wani ya fitar da wasan daga zaure ya kai shi fili, wani kuma ya ajiye fiyano da gogen Turawa ya ɗauko kayan kiɗan ƙasarsa.

Abin da ƙasar Hausa take da shi tun dā

Wanda ya taɓa zama a gaban makaɗin fada ya san cewa haɗa labari da waƙa da kiɗa ba baƙon abu ba ne. Akwai uban kiɗi mai jan baiti, akwai ƴan amshi masu karɓa, akwai sanƙira mai tsoma baki yana fayyace wa jama'a abin da aka faɗa, akwai kuma kirari da ake yi da murya tsakanin magana da waƙa. Kowane kayan kiɗa da ma'abotansa. Kakaki da algaita da tambari na sarauta ne. Kalangu an san shi da mahauta, ko da yake ya daɗe da shiga bukukuwa. Garaya ta mafarauta ce da ƴan bori, gangar noma ta manoma, ƙwarya da shantu na mata.

Deule ƙaramar hukumar karkara ce a gundumar Buza ta jihar Tawa, cikin ƙasar Adar mai duwatsu da kwaruruka. Ita da maƙwabtanta na gundumomin Madawa da Keita, Hausawa ne mafi yawan mazaunansu, tare da Buzaye da Fulani. Saboda haka kunnen mutumin yankin ya saba da amo iri uku: gogen Hausa, sarewar makiyaya, da imzad na matan Buzaye, wanda shi ma tsirkiya ɗaya gare shi kamar goge. A 2013 hukumar UNESCO ta sanya imzad cikin jerin al'adun gado na duniya da sunan Aljeriya da Mali da Nijar.

Goge rabin ƙwarya ne da aka rufe da fatar guza ko damo, aka ɗaura masa tsirkiya ta gashin wutsiyar doki, ana goga shi da izga. A wasan bori na Adar, wanda masaniyar Faransa Nicole Echard ta yi shekaru tana nazari har ta wallafa littafi a kansa a 1989, kowane iska yana da nasa take, da nasa tufafi, da irin tafiyarsa da maganarsa. Mai goge ne ke kiran taken, masu ƙwarya suna riƙe da amo. Malamai sun daɗe suna hani da bori, kuma ya ja baya ƙwarai a garuruwa, amma ta fuskar tsari ya nuna cewa makaɗan yankin sun iya bai wa kowane mutum na cikin wasa sautin da za a gane shi da shi. Wannan dabara ce da manyan masu opera na Turai suka yi suna da ita a ƙarni na 19.

Filin kokawa ma dandali ne. A Tawa aka yi gasar kokawa ta ƙasa ta farko a 1975, kuma duk wanda ya halarci irin wannan taro ya ga yadda ɗan kokawa ke shigowa da takensa, ya yi kirari, makaɗa su amsa, jama'a su ɗauka.

Turawa masu kiɗa sun lura da wannan arziki da wuri. A 1963 Tolia Nikiprowetzky ya zagaya Nijar yana ɗaukar kiɗan maroƙa da na makiyaya, kamfanin OCORA na Faransa ya fitar da su a faifai. Shi kansa mai tsara opera ne a ƙasarsa.

Gwajin farko a Afirka ta Yamma

Najeriya ce ta fara. A ƙasar Yarbawa, ƙungiyoyin wasan kwaikwayo masu yawo gari gari, irin ta Hubert Ogunde, sun riƙa rera labari da ganguna tun shekarun 1940. Duro Ladipo ya ɗauki tarihin Shango ya yi Oba Koso da gangunan bata da dundun, ya kai ta bikin Berlin a 1964 da bikin ƙasashen renon Ingila a 1965. Akin Euba, wanda ya yi karatun kiɗan Turai mai zurfi, ya tsara Chaka a 1970 bisa waƙen Léopold Sédar Senghor, inda ya zaunar da makaɗan Yarbawa kusa da masu kayan busa na Turai.

Hanyoyi biyu ke nan da har yau ake bi. Ladipo ya taso daga gargajiya ya shigar da ita dandamali. Euba ya taso daga makarantar Turai ya koma neman gargajiya. Wanda ya bi ta farko yakan samu jama'ar gida, wanda ya bi ta biyu yakan samu zaurukan waje.

Bintou Wéré, opera ta Sahel

Tunanin ya fito ne daga Yarima Claus, mijin sarauniyar Holand ta wancan lokaci, wanda ya yi ƙuruciya da aiki a Afirka. Ya rasu a 2002 bai ga cikar burinsa ba, sai gidauniyar da ke ɗauke da sunansa ta haɗa kai da gwamnatin Mali ta ɗauki nauyin aikin. Zé Manel Fortes na Gine Bisau ya tsara kiɗan. Marubuci Koulsy Lamko na Cadi ya rubuta labarin tare da Wasis Diop na Senegal, wanda kuma ya kula da ɓangaren kiɗa. Jean-Pierre Leurs ya shirya wasan, Germaine Acogny da Flora Théfaine suka tsara rawa, Oumou Sy ta yi tufafi. Mawaƙiyar Mali Djénéba Koné ta fito a matsayin Bintou.

An fara nuna ta ranar 17 ga Fabrairu 2007 a Bamako, a bakin kogin Isa. A cikin shekarar aka kai ta Amsterdam, sannan gidan wasa na Châtelet a Paris a watan Oktoba. An rera ta cikin harsunan yankin, ciki har da Bambara da Wolof, kuma kayan kiɗan na gida ne: kora, balafon, ngoni, sarewa da ganguna.

Labarin na wata yarinya ce da aka taɓa sa wa bindiga a hannu tana ƙarama. Tana da juna biyu, sai ta yanke shawarar bin wani mai fataucin mutane ta ƙetare hamada zuwa shingen Melilla, garin Sifaniya da ke gaɓar Maroko, don ta haihu a ƙasar Turai ɗanta ya samu takardu. Matasan ƙauyen da fari da rashin aiki suka ishe su suka bi ta. An rubuta wannan ne jim kaɗan bayan abin da ya faru a 2005, lokacin da ɗaruruwan baƙi suka yi yunƙurin haura shingayen Ceuta da Melilla da tsani, wasu suka rasa rayukansu.

Ga mutumin Adar wannan labari ba ya bukatar fassara. Yankin ya yi suna wajen tafiya bida: da an gama girbi samari da magidanta kan kama hanyar Najeriya, Abijan, Libiya ko Aljeriya, mata da tsofaffi su riƙe gida. Babbar hanyar da ke kai matafiya Agadas ta Tawa take bi. Bintou Wéré ta nuna cewa opera na iya ɗaukar damuwar talakan Sahel ta yau, da harshensa da molonsa. A 2017 Manthia Diawara na Mali ya yi fim, An Opera of the World, inda ya haɗa hotunan shirye-shiryen wasan da na ƴan gudun hijira a tekun Bahar Rum.

Wasu ayyukan sun biyo baya. A Burkina Faso, Bajamushe Christoph Schlingensief ya aza harsashin ƙauyen opera a Laongo a 2010, Francis Kéré ya zana ginin, kuma makaranta da asibiti aka fara ginawa kafin komai. Toumani Diabaté ya kaɗa kora tare da babban rukunin makaɗan London Symphony Orchestra a 2008, aka fitar da faifan a 2021 da sunan Kôrôlén. A 2020 gidan Châtelet ya nuna Le Vol du Boli, aikin Abderrahmane Sissako na Muritaniya da Damon Albarn na Ingila, kan wani abin tsafi da aka ɗauke daga Mali zamanin mulkin mallaka. Galibin waɗannan ayyuka kiɗan Mande ne ya mamaye su, wato kora da balafon da ngoni.

Yadda haɗin ya kasance a Nijar

A Nijar haɗa tsoho da sabo ya bi ta rediyo da gasanni da makaranta. Zamanin Seyni Kountché, bikin matasa na ƙasa ya sa samariyar kowace jiha tana shirya wasan kwaikwayo da rawa da waƙa don gasa. A nan ne makaɗan ƙauye da yawa suka fara hawa dandamali, suka koyi taƙaita kiɗan da aka saba kwana ana yi zuwa ƴan mintoci.

Mamman Sani Abdoulaye ya bi wata hanyar dabam. A shekarun 1970 ya samu wata molon lantarki mai madannai ƙirar Italiya, ya riƙa mayar da waƙoƙin gargajiyar Nijar cikin sautinta, har da na makiyaya. A 1978 ya ɗauki kaset a gidan rediyon ƙasa. Ƴan Nijar da yawa sun san kiɗansa ba su san sunansa ba, domin shi ake sakawa tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin. A 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da kaset ɗin, sai ga masu sauraron kiɗan gwaji a Turai suna nemansa.

A shekarun 1980 aka ƙirƙiro gasar Dan Gourmou, da sunan shahararren mawaƙin Tawa, don ƙarfafa kiɗan zamani mai tushe a gida. A 1989 aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM Elhaji Taya a Yamai, inda ake koyar da rubutun kiɗa da kayan Turai tare da na gargajiya, aka kuma tara kayan kiɗan ƙabilun ƙasar a ɗakin adana. Masanin kiɗa Mahaman Garba na cikin waɗanda suka yi wa cibiyar hidima. Daga wannan yanayi ƙungiyar Mamar Kassey ta fito a 1995 ƙarƙashin Yacouba Moumouni, tana haɗa sarewa da molo da kalangu da ƙwarya da jitar lantarki.

Labarin Malam Maman Barka shi ya fi nuna abin da ke cikin hatsari. Haifaffen Tasker ne, malamin makaranta, ya yi suna da gurumi, yana waƙa da Hausa da wasu harsunan ƙasa. A 2002, da tallafin UNESCO, ya tafi tafkin Cadi wurin Boukar Tar, dattijon da ake ɗauka shi ne gwani na ƙarshe na biram, wani kayan kiɗan masuntan Buduma mai tsirkiya biyar da siffar jirgin ruwa. Ya koya, malamin ya rasu, shi kuma ya kai biram dandalin duniya tare da makaɗin duma da kalangu Oumarou Adamou, suka fitar da faifai a 2009. Barka ya rasu a Nuwamba 2018. Da bai yi wannan tafiya ba, da biram ya zama abin kallo a ɗakin adana kawai.

Jihar Tawa ma ta ba da nata misalin. Mdou Moctar, ɗan yankin Cintabaraden da Abalak, ya je Sakkwato a 2008 ya ɗauki waƙoƙin Tamajak da na'urar gyaran murya irin ta mawaƙan finafinan Hausa. Waƙoƙin suka yaɗu daga waya zuwa waya a faɗin Sahel kafin wani kamfani ya san da su.

Inda wahalar take

Matsala ta farko ta sauti ce. Fiyano ya raba tsanin sauti gida goma sha biyu daidai wa daida. Yawancin waƙoƙin Hausa a kan matakai biyar suke tafiya, kuma mai goge yana ɗaura tsirkiyarsa ne daidai da muryar mawaƙinsa, yana zamewa tsakanin sauti da sauti yadda fiyano ba ya iyawa. In aka tilasta wa goge bin fiyano, sai ya rasa zaƙinsa. Masu gwajin da suka yi nasara sukan bar kayan gargajiya ya ja gaba, na Turai su bi.

Ta biyu ta harshe ce. Hausa harshe ne mai karin sauti. Kuka na hawaye da kuka ta miya da hawa da saukar murya ake bambance su, haka wuya na jiki da wuya ta wahala. Mai tsara kiɗan da bai ji Hausa ba yana iya ɗaga murya inda ya kamata ta sauka, ma'ana ta juye. Mawaƙin gargajiya yana kiyaye wannan ba tare da ya yi tunani ba, kuma kalangu da shi yake magana.

Ta uku ta rubutu ce. Makaɗin Turai takarda yake bi, yana ƙirga kowane bugu. Makaɗin Hausa da kunne ya koya a wurin ubansa ko ubangidansa, kuma yana tsawaita baiti ko ya gajarta shi gwargwadon wanda ya shigo fili da abin da ya bayar. A opera dole kowa ya san inda za a tsaya don fitila ta sauya, ɗan wasa ya shigo. Wannan ne ke sa irin waɗannan ayyuka cin watanni ana maimaitawa.

Ta huɗu ta matsayi ce. Kakaki ba a busa wa kowa, taken sarki ba a kaɗa wa talaka, taken bori kuma akwai masu ganin bai kamata a taɓa shi don nishaɗi ba. Mai son ɗaukar ɗayansu zuwa dandamali sai ya nemi izinin masu abin.

Kuɗi, haƙƙi da magada

Manyan ayyukan da aka ambata kusan duk da kuɗin waje aka yi su, kuma sau da yawa ƴan kallon Turai sun fi na gida samun damar ganinsu. Opera tana cin mutane da yawa: mawaƙa, makaɗa, ƴan rawa, maɗinka, masu fitila, ga sufuri da masauki. Da tallafin ya ƙare, ƙungiya takan watse.

Akwai kuma tambayar wane ne mai kiɗan. A tsarin Turai sunan wanda ya rubuta ake sakawa, shi ake biya. Idan take ya fito daga wani mai goge na ƙauye wanda ya gaje shi daga kakansa, ba kasafai sunansa ke kaiwa takarda ba. Nijar tana da ofishin kare haƙƙin masu fasaha, BNDA, amma makaɗin da bai yi rajista ba, bai kuma san ana yi ba, babu abin da zai iske shi.

Babbar barazanar ita ce ta magada. Kiɗa a ƙasar Hausa sana'ar gado ce, kuma da yawa suna kallon maroƙi a matsayin na ƙasa. Yaron da ya shiga makaranta ko ya tafi bida ba lalle ya dawo ya zauna gaban tsoho yana koyon ɗaurin tsirkiya ba. A bukukuwan aure, mai na'ura da lasifika ya fi rukunin makaɗa arha. Duk mai gogen da ya rasu bai bar almajiri ba, da takensa yake tafiya, tunda ba a rubuce suke ba.

Wuraren da za a iya fara gyara suna nan. Tawa tana da gidan matasa da al'adu na Albarka Tchibaou da filin kokawa na Hamidine Maïdaré. Gidajen rediyon karkara suna iya ɗaukar makaɗan yankinsu, su ajiye sautin tare da sunan makaɗin da garinsa da sunan wanda ya koya masa. Rumbun gidan rediyon ƙasa da na cibiyoyin bincike na Yamai, irin su IRSH da CELHTO, suna riƙe da tsofaffin ɗauka da matasa masu kwamfuta za su iya saurara su yi aiki a kansu. Sarakunan gargajiya, da har yanzu suke da makaɗan fada, suna da ta cewa kan wanda zai gaji kakaki da algaita.

Misalin biram ya nuna tsarin da ke aiki: dattijo ɗaya da ya iya, almajiri ɗaya mai niyya, da ɗan tallafin da zai ciyar da su biyun har koyon ya kammala. Idan wata rana aka shirya opera da harshen Hausa kan ƴan bidar Adar da matan da ke jiransu, masu goge da ƙwarya da kalangun da za su kaɗa ta sai sun fito daga garuruwa irin Deule, Tamaske, Buza da Madawa, kuma yau ne ake koyar da su ko a rasa su.